Kayan Besbol Ɗinkin Babana

Wata Juma'a a watan Mayun 1990 na hau matakalar flat ɗinmu na Tottenham da gudu, bibbiyu nake tsallakewa, da leda a hammata. Shekarata goma sha ɗaya, kuma ranar aka zaɓe ni cikin 'yan wasan besbol na makarantarmu. Babana tela ne, falonmu kuma shi ne shagonsa. Na iske shi a kan keken ɗinki, ko hular masallaci bai cire ba, na zazzage masa kayan da aka ba ni: riga mai guntun hannu da wani farin wando mai roba-roba. Ya ɗaga wandon da yatsu biyu, ya ja shi, ya saki. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa Hajara aka sa mini, "wannan wando ne ko safa?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ninke shi tsaf ya mayar cikin ledar, ya ce ba da wannan 'yarsa za ta fita fili ba. Ya taka kekensa ya ci gaba da aiki.

Wayyo! Ranar ko tuwo ban ci ba. Wani malami Ba'amurke ne, dogo mai yawan raha, da muke kira Mista Ray, ya kawo mana wasan. A jefo maka ƙwallo ka maka mata sanda, ka zagaye matsaya huɗu da gudu kafin a cafko ta a taɓa ka. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu. A tsakar gidajen hayar gwamnati da muke zaune na koya, tsakanin igiyar shanya da garejin kwandunan shara, da ƙwallon tanis da muciyar Umma. Sau biyu ta kama ni, sau biyu na sha rankwashi, ban daddara ba. Da na share guntayen yadi a falo, na zura wa Baba zare a allurai, na goge rigunan da ya gama, sai in zame ƙasa in yi ta bugu har a ƙwala mini kira daga taga. Ga shi za a yi gasar makarantu a Regent's Park a watan Yuli, wando ɗaya tal zai hana ni.

Na san Baba, kuka ba ya karya shi. Saboda haka washegari na tafi laburare, ba don na san abin da nake nema ba, na ɗebo duk littafin da na ga sanda da ƙwallo a bangonsa. A cikin wani ƙato mai hotuna baƙi da fari na ci karo da su: 'yan wasan farko da suka mai da besbol sana'a, fiye da shekara ɗari da suka wuce, sun jeru da gashin baki kamar alƙalai. Littafin ya ce da farko da dogon wandon ulu da malafa ake wasan. Daga baya wata ƙungiya ta ga wandon yana harɗe su, ta rage shi zuwa ƙasan gwiwa, ta rufe ƙwauri da doguwar jar safa, har aka riƙa kiran ƙungiyoyi da launin safarsu. Rigar mai dogon hannu ce da kwala, da wani ƙyalle kamar garkuwa a ƙirji, an kama shi da maɓallai, an ɗinka harafi a tsakiya. Ba ko lamba a baya. Ni dai abin da na gani shi ne wando burgujeje, ba abin da yake nunawa. Sai da mai kula da laburaren ta ce in yi shiru, don ihu na yi.

Kullum Baba ya yi mini Hausa, da Turanci nake amsawa, abin yana ci masa rai. Ranar kam na tattaro duk Hausar da nake da ita, na durƙusa kusa da keken, na buɗe masa shafin na ce, "Baba, don Allah duba, asalin kayan ke nan." Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, yana bin kwalar da farce, yana ƙirga maɓallai. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya dawo baya. Daga nan ya ce, "To, waɗannan sun san mutunci. Ɗauko tef ɗin awo." Na yi tsalle har na ture kwanon maɓallai, muka yi ta tsinta ni da Umma, tana cewa uba da 'ya duk kanmu ɗaya ne.

Kwana uku ya gama. Yadin ulu ne ruwan toka da ya samo a kasuwar Dalston, a kan garkuwar kuma ya yi harafin T na Tottenham da jan zare, irin aikin da yake yi a wuyan babbar riga. Da na shiga filin makaranta da kayan, Mista Ray ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya zagaye ni sau biyu yana rantsuwa cewa a hoto kawai ya taɓa ganin irinsu. Sauran yaran suka yanyame ni, kowa na shafa garkuwar. Amma murnar ba ta je ko'ina ba. Ya ja ni gefe ya ce dokar gasa ita ce duk 'yan ƙungiya su sa kaya iri ɗaya, in na fita daban ba za a bar ni in buga ba. Na koma gida ina jan ƙafa, jar safata ta zazzago.

Abin da Baba ya ce da na gaya masa har gobe ina jin sa a kunnena: "Ku nawa ne?" Mu goma sha ɗaya ne. Saura 'yan makonni Babbar Sallah, shaddodin mutane sun taru a falo har sun kusa rufe talabijin. Duk da haka ranar Asabar yara goma suka yi layi a ƙofarmu, 'ya'yan Turawa da na Jamaika da na Turkawa, kowa ya tuɓe takalmi, Umma na cika musu hannu da cincin, Baba na awo yana rubutu da alli, yana kiran kowa "my friend". Masu kayan Sallah suka yi ta zarya. Wani Alhaji da ya shekara bakwai yana kawo masa ɗinki ya ga jajayen safa a kan shaddarsa, ya naɗe abarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Baba ya ci gaba da ɗinkinsa. Ni ce na ji kunya ta kama ni, na ƙara ƙaimi wajen guga.

Ranar gasa muka fito daga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a jere, mutane na tsayawa suna nuna mu. 'Yan ɗaya makarantar suka bushe da dariya, suna tambaya ko daga gidan tarihi muka gudo. Ga zafi, ga ulu, zufa kamar an watsa mana ruwa, amma wallahi ji muke filin namu ne. Alƙalin wasa ya dube mu, ya ga iri ɗaya, ya ɗaga hannu. Baba na tsaye a bakin fili da kaftaninsa, bai san dokar wasan ba, duk wanda ya buga tafa masa yake, har da abokan karawarmu. Da layi ya zo kaina na maka wa ƙwallon nan sanda ta yi sama, na zuba a guje, na wuce matsaya ta farko, ta biyu, ta uku. Ina hango an jefo ƙwallon matsaya ta ƙarshe, sai na zube ƙasa da gwiwa na sulala cikin ƙura. Alƙali ya ce na tsira. Filin ya ɗauki ihu, ni kuwa ƙarar yagewar yadi kawai na ji.

 Na ce shi ke nan, gwiwata a waje gaban jama'a, gaban Baba, na buga na farko na buga na ƙarshe. Na sa hannu zan rufe wurin, sai na ji ba fata ba. A ƙarƙashin yagar akwai wani yadin, an cusa masa auduga, an bi shi da ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana. Duk kwanakin nan na ɗauka kaurin ulu ne. Na lalubi wandon yarinyar da ke kusa da ni, nata falle ɗaya ne. Da aka tashi na ruga wurinsa ina nuna masa. Ya ce, "A wani hoton na ga sun yi wa wandonsu haka, na yi ta tunani, sai na gane faɗuwa suke yi da gangan. Ke kuma na san ki, Uwata." Ban ma tuna ko mun ci wasan ba sai da Umma ta tambaya a gida. Ba mu ci ba.

Yau 'yata tana buga ƙwallon ƙafa a Dagenham. Da waya nake yi mata odar kayan wasa masu rufe jiki har da ɗankwalinsu, kwana biyu an kawo, marasa nauyi, ba zufa ba guga. Ina murna da hakan, Allah ya sani. Baba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa, kuma bai taɓa ce mini yana alfahari da wasana ba, ba irin maganarsa ba ce. Amma duk lokacin da na buɗe sabuwar leda sai na tsinci kaina ina shafa gwiwar wandon. Wanda ya ɗinka shi bai san yadda 'yata take faɗuwa ba.