Man Jirgi da Gwiwar Yaya Haruna

Har in mutu ba zan manta da safiyar da Yaya Haruna ya kasa hawa tsani ba. A ƙarshen shekarun 1990 ne, muna leburori farar hula a garejin jiragen soja. Aikinmu mu juye tsohon mai daga inji, mu wanke matatar mai, mu goge. An ba mu safar hannu, amma a zafin Njamena wa zai sa? Hannu tsirara muke tsomawa, mu goge a wando, mu zauna cin tuwo.

Ragowar mai da gwangwanayensa rabonmu ne, babba ke fara zaɓa, kuma Yaya Haruna ne babbanmu. Ni kuwa kun san bakina. Da ya yi kukan ciwon gwiwa na ce, "Yaya, man da ke ɗaga ƙarfe sama ne zai kasa ɗaga ka? Shafa kwana uku, sai ka riga tasi isa unguwar Mardjandafak." Aka yi dariya. Shi bai ɗauka wasa ba. Kullum yana shafawa, har gwangwanin ya ɗauraye ya zuba man girkinsa a ciki.

Bayan makonni, ran nan ya ɗora ƙafa a tsani, ta zame. Ya sake, ta sake. Silifas ɗinsa ya faɗi bai ji ba.

Ajudan ɗinmu, wato sojan da ke shugabantar garejin, ya sa na raka shi wurin likita. Likita ya soka masa allura a tafin ƙafa, ko motsi.

Ya tambaye ni, "Me yake taɓawa?"

Na faɗa masa duka, ban da wanda ya ba da shawarar.

Ya ce akwai guba a man, ta fata take shiga, ta ciki ta fi muni, sai bayan makonni take cin jijiya. Na ce, "Dokta, maganin fa?" Ya rufe littafinsa.

Gargaɗin yana nan jikin kowane gwangwani, da Turancin Ingila. Mu ko Faransanci da ƙyar.

Aka sallame shi. Shekara shida ina zuwa unguwarsu Gardolé ina ba shi dariya a kan tabarma, bai taɓa tuna mini shawarata ba har ya rasu.

Abin da na koya, ƙannena: a wannan aiki inji na da littafin da ake rubuta duk tarin da ya yi, lebura ba shi da ko shafi. Ni ma man ya ci mini hannu, yanzu maɓallin rigata ma matata ke saka mini.