Yayana da Ƙafar Goɗiya

Yayana direban babbar mota ne, ko in ce ya taɓa zama. Tun yana saurayi yake kan hanya. Mutum ne mai raha a da. In ya dawo daga tafiya, tun daga bakin layi ake jiyo dariyarsa, 'yarsa tilo na rataye a wuyansa. Saboda manne masa da take yi ne muka sa mata 'Yar Baba, sunan kuma ya bi ta har ta fara zama budurwa.

Sai wata rana birki ya tsinke masa a gangara. Shi ya fito da ƙafafunsa, abokin tuƙinsa bai fito ba. Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce lafiyarsa lau. Da likitan nan ya zo ya yi kwana biyu a gidan, da ya janye maganarsa. Yaya ya daina tuƙi, ya daina barci, ya koma faɗa da kowa da komai. A rufe ƙofa da ƙarfi, faɗa. A rufe a hankali, ya ce ana masa sanɗa. Ranar da murfin tukunya ya suɓuce wa 'Yar Baba, ya zabura ya yi jifa da kofin gilas ɗin da ke hannunsa. Bango ya nufa, na yarda, amma ɓaraguzan suka tsaga mata gira.

Da yamma ta iso gidana da jakar makarantarta da bandeji a goshi.

"Goggo, a nan zan zauna," ta ce.

Ta zauna kuwa. In Yaya ya zo gaishe ni, sai ta shige ɗaki ta sa sakata. Ko uffan ba ta ƙara ce masa ba. Ni kuma na gaji. Na gaji da kai saƙo tsakanin uba da 'ya, na gaji da kukan matarsa a waya, na gaji da ganin ƙato kamar Yaya zaune a kujerata yana kallon ƙofar da ba za a buɗe ba.

Mijina ne ya samo masa aiki a wata barga a bayan gari, inda ake koya wa mutane hawan doki. Aikin shara ne da kwasar kashi da ba da dusa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin da bai iya zama da mutane ba, shi za a haɗa da dabbar da ke harbi?

Mai kula da bargar wani dattijo ne da kowa ke ce wa Tsoho, magana ba ta dame shi ba. Shi ya ba ni labarin ranar da aka fara sa Yaya ya ɗaga ƙafar wata farar goɗiya don a share mata kofato. Yaya ya sunkuya ya rungumo ƙafar ya fizga, kamar mai cire taya. Goɗiya ta kafe. Ya daka mata tsawa, ta watsar da shi cikin kwatar ruwa.

"Direba," in ji Tsoho, "wannan ba ta da jak. Tsaya gefenta, kafaɗarka a jikinta. Ka bi ƙafar da tafin hannu daga sama har ƙasa, sannan ka jira. Ita za ta ba ka."

"In ta ƙi fa?"

"Sai ka sake jira. In ranka a ɓace yake, fita ka dawo. Tana ji a hannunka."

Ya sha fita kuwa. Tsoho ya ce akwai watan da Yaya ya fi daɗewa a bakin ƙofar barga fiye da cikinta. Amma sannu a hankali ya koyi sauke numfashi kafin ya taɓa doki, ya koyi yin magana ƙasa-ƙasa in zai zaga ta baya. Aikin yana gajiyar da shi har yana samun barci. Matarsa ta ce mini yanzu wari yake shigo mata da shi gida maimakon masifa, kuma ta gode Allah da warin.

Duk wannan bai buɗe ƙofar ɗakina ba. Shekara ta zagayo, yarinya na nan kan bakanta. Rannan haƙurina ya ƙare, na ce mata ta sa takalmi ta raka ni unguwa, ban gaya mata ina ba. Da ta hango barga ta ja ta tsaya, ta harare ni.

"Goggo, ashe haka kike?"

"Haka nake. Wuce mu je, ƙafafuna ciwo suke."

Muka tsaya a bakin shinge. Yaya bai gan mu ba, yana sunkuye gefen farar goɗiyar, hannunsa na bin ƙafarta. Ya rame, furfura ta cika masa ƙeya. Can wata iska ta buga ƙyauren kwano da ƙarfi. Goɗiya ta razana, ta sauke kofatonta da dukan nauyinta a kan ƙafar Yaya, shi kuwa takalmin roba ne a ƙafarsa. Na ji 'Yar Baba ta damƙe mini hannu, ta noƙe kai tana jiran tsawa. Ni ma ita nake jira.

Tsawar ba ta zo ba. Fuskarsa ta yamutse, gumi ya keto masa, amma sai ya jingina kafaɗarsa a jikin goɗiyar yana cewa, "Yi haƙuri, iska ce. Ba komai. Matsa mini kaɗan." Ya yi ta shafa wuyanta har ta ɗage ƙafar da kanta.

Na zaci yarinyar za ta ji sanyi a ranta. Ina! Sai ta saki hannuna ta tura ƙofar shinge.

"Ashe ka iya!" ta ce da ƙarfi, har dawakan suka ɗaga kunne. "Ashe ka iya haƙuri, Baba! Doki ya taka ka kana ba shi haƙuri. Ni murfin tukunya kawai na yar!"

Yaya ya juyo. Na ga bakinsa ya motsa, na ce a raina shi ke nan, na ɓata komai. Ya tsaya riƙe da ragama, ita kuma ta yi ta zazzaga masa abin da ta tara shekara guda, tana kuka tana nuna masa tabon girarta. Bai katse ta ba. Sai da ta yi shiru don kanta ya buɗe baki.

"A lokacin ban iya ba," ya ce. "A nan na koya. Da ma a kanki na fara koya."

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma matsa mata ba, don ni ma ƙarfina ya ƙare. Ta share hanci da bayan hannu, ta dubi ƙasa, inda jini ke fitowa ta tsagar takalminsa. Ta jawo wani bokiti ta kife shi.

"Zauna, Baba," ta ce. "Cire takalmin in gani."