Sunan da Na Soke a Takardar Albashi

A shekarun farko bayan ƴancin kai ni ma'aikaciyar jinya ce, ƴar Maradi, na ajiye aiki a likitar Yamai don goyon ɗana na fari. Zaman gida ya ishe ni. Maigidana yana da ɗan kamfanin kwangilar gini, sai ya danƙa mini biyan albashi. Ƙarshen wata nakan kafa tebur a shantiye, wato wurin ginin, in kira suna, kowa ya dangwala yatsa ya karɓa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Na lura akwai suna guda da ban taɓa ganin mai shi ba. Kullum tsohon magininmu, wani Bazabarme, shi ke dangwala masa. Abin mamaki, tubalin da aka rubuta wa mutumin bai taɓa kasawa ba. Na tambayi tsohon, ya sunkuyar da kai ya ce mini mutumin yana nan, in yi haƙuri. Ina ji da ilimina na boko, na yanke cewa sata ce, na soke sunan. Babu wanda ya ce uffan.

Shirun nan ne ya hana ni sakat. Bayan wata guda na bi tsohon cikin kwalekwale muka ƙetare kogi zuwa Lamorde. A wata bukka na tarar da mai sunan kwance. Ashe katako ne ya faɗo masa a ƙafa a shantiyenmu. Ma'aikatan sun ɓoye don tsoron kada a maye gurbinsa, kowane lebura yana ƙara buga tubali a madadinsa, albashin kuma allura ake saya masa da shi. Da na kwance tsumman da ke ƙafar na ji warin, ban buƙaci a gaya mini abin da wata guda babu allura ya yi ba. Ni da kaina na kai shi likita, inda tsofaffin abokan aikina suka yanke ƙafar.

Har yau ina jin kunya da baƙin ciki. Tambayar da ta kai ni Lamorde ba laifi ba ce, laifina shi ne na yi hukunci kafin in je. Duk wanda aka ba biyan ma'aikata, kada ya soke sunan mutum sai ya je ya gan shi da idonsa.