Ɗanliti Komi, Wanda Uwarsa Ba Ta Ƙirga Ba

An haifi Malam Ɗanliti a Yekuwa, ƙasar Magariya, wata Litinin ta shekarar 1941. Mahaifinsa Sallau manomi, mahaifiyarsa Indo, kuma shi ne ɗanta na fari. A riƙe wannan.

Karatu da aure

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a Magariya a 1949, ya samu sartifika a 1955. A 1963 ya auri Nafi 'yar Bande, wadda aka ce ita ta fara aika masa goro, ko da yake har yau tana musantawa.

Aikinsa

Da fari da yunwa suka tsananta a 1973, aka ɗauke shi komi, wato akawu, a buron rabon dawar agaji a Dungas, inda ya kafa ƙa'idar cewa babu katin karɓar dawa da zai shiga akwati sai an tantance shi a bakin ƙofa: shekaru kada su haura ɗari, ɗa kada ya girmi uwa, kuma adadin 'ya'yan da uwa ta faɗa ya dace da masu kiran ta uwa. Wanda ya yi rara, a cire.

Abin da bai lissafa ba, duk da iliminsa, shi ne kunya: matanmu ba sa ƙirga ɗan fari. A watan Maris na 1974 Indo ta zo layi.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu."

"Da ni fa, Inna?"

"Wa ya sa da kai? Rubuta huɗu."

Ya rubuta. Katinsa ya faɗi, da na iyalinsa da ke rataye da shi. Ya riga ya kori 'ya'yan fari arba'in da ɗaya, saboda haka ya ƙi gyara nasa shi kaɗai. Ya rubuta wa manya takarda, amsa ba ta zo ba. Albashi akwai, hatsi babu a kasuwa.

Rasuwarsa

Ya riƙa barin tuwonsa ga yara har ciwo ya kayar da shi. Autarsa Aisa ta rasu a Yuli, shi kuma ranar 9 ga Satumba, 1974, aka yi jana'izarsa a Yekuwa bayan azahar. Ya bar matarsa Nafi da 'ya'ya biyu, Ya'u da Bawa. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar bakwai, sabon komi ya tambayi Indo 'ya'yanta masu rai nawa. Ta ɗaga kai ta ce biyar. Aka duba, huɗu aka samu, aka ƙi katinta.