Ta'aziyya a Kan Gada

Muna tsakiyar gada wayata ta yi ƙara. Tsohuwar gadar ƙafa ce a kan wani reshen teku da ya shigo cikin Jidda. Yarana biyu kogi suke kiransa, don ba su taɓa ganin kogi ba. Mai kiran maƙwabciyarmu ce a unguwar Safa, 'yar Nijar.

“Maman yara, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.”

Na ce, “Wane Baba?”

Sai na ji ta ce, “Innalillahi, ba a faɗa miki ba?” Ta kashe wayar.

Na riƙe ƙarfen gadar, da zafin rana a jikinsa. Babban, mai shekara shida, yana jefa wa kifi gutsuren burodi yana tsokanar ƙanwarsa: “Matsoraciya! Yalla, leƙo mana, ba za ki faɗa ba.” Ita kuwa ta cusa kai cikin abayata.

Maigidana ya taho da kofunan balila, dafaffen waken Larabawa, a hannu. Da ya ga fuskata sai ya rage tafiya. A nan na gane dalilin da ya sa mutumin da ba ya fita ranar Juma'a ya ce mu shirya yara yau.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun safe. Yayanki ya kira ni. Ya ce kada a faɗa miki ta waya, a bari ki ci abinci, ki natsu.”

“An kai shi?”

“Bayan Juma'a.”

Haka ake yi a gidanmu. Ni ma an taɓa sa ni na ɓoye wa goggona rasuwa har ta gama sallah. Ban dai taɓa zaton za a yi mini ba. Ina ɗaure wa yarinya takalmi, ina neman hular yaro, ashe ana yi wa mahaifina wanka a can gida.

Yaron ya jawo hannuna. “Umma, ɗauke mu hoto mu tura wa Kaka. Shi ya ce in na ga kogi in nuna masa.”

Maigidana ya buɗe baki, na girgiza masa kai. Na ɗauke su. Hoton ya karkace.

A mota sun yi barci. Maigidana ya ce in ina so shi zai faɗa musu. Na ce a'a, ubana ne, ni zan faɗa.

Yaron na faɗa masa bayan an share makoki. Ƙaramar har yanzu ban faɗa mata ba.