Goɗiyar Kawu da Karen da Ba Ya Cikin Gado

Ranar sadakar arba'in ɗin Kawu, ƙanen mahaifiyata, na baro Talata Mafara da safe zuwa ƙauyensu da ke bayan Maradun, ta hanyar Kaya. Na tafi da ƙullin shinkafa, don sana'ata ke nan: in sayi shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, wurin manoman Bakolori, in turara, in shanya, in kai inji. Bayan an shafa addu'a maza sun watse, na zaga bayan gida in yi alwala, sai na ci karo da goɗiyarsa.

Na san goɗiyar nan farin sani. Ja ce mai farin goshi, ita Kawu yake hawa zuwa gona da kasuwa, ya ƙi babur har ya koma ga Allah. Abin da na tarar a turke kuwa ƙashi ne da fata. Dabaibayi ya ci ƙafarta har ya yi gyambo, kunnuwanta cike da kaska, ta cinye dangar kara iya inda bakinta ya kai. A 'yar inuwar da ke ƙarƙashin cikinta karen Kawu ne kwance, ƙuda sun cinye masa bakin kunne. Ko haushi bai yi ba, kai kawai ya ɗaga ya dube ni. Raina ya ɓaci har na manta da alwalar.

'Ya'yan Kawu taubasaina ne, saboda haka bakina a sake yake a kansu. Na sami babbansu a zaure yana sakace haƙori. Sai da muka gaisa tsaf, ya haƙuri, ya mutanen Mafara, sannan na sauke masa.

"Kai, wa ka ba goɗiyag ga abinci?"

"Ai ba a raba gado ba tukuna," in ji shi. "In nab ba ta harawata, gobe ta hwaɗa rabon wani. In kuwa nat taɓa ta, a ce ina son cin haƙƙin 'yan'uwa."

"To karen hwa?"

"Kare ba ya shiga gado, ke ma kin sani."

Haka ƙannensa ma suka faɗa mini, kamar sun yi hadda tare. Ita masu ita sun yi mata yawa, shi kuma ba shi da kowa, yunwa ɗaya ce take kashe su. Na ce musu ƙattin banza ne, suka yi dariya, don a wurinsu wasan taubasai nake yi.

Na shiga wurin mahaifiyarsu, wadda dukanmu muke kira Inna. Tana cikin takaba, ba ta fita, kuma bangon ɗakinta ne ya yi baya da turken. Ta ce takan jefa wa karen sauran tuwo ta saman katanga, takan roƙi wata maƙwabciya ta kai wa goɗiyar ruwa. Ta yi wa 'ya'yanta magana har ta gaji, kowa sai ya ce to, ya tura ta ga ɗan'uwansa.

"Da ina jin ta tana haniniya," in ji ta. "Yanzu ta bari. Shirun nan shi ka tada min hankali. Ɗauke ta, ɗiyata."

Aka kira liman, ya ce ya halatta in riƙe ta amana har ranar rabo. Taubasaina suka amince da sauri, don a ganinsu na ɗauke musu wahalar haƙa rami ne. Muka sami a-kori-kura, maza suka taru suka ciccibi goɗiyar aka saka. Da aka zo kan karen kowa ya soke hannu a aljihu. Ni na sunkuya na ɗauke shi, bai fi nauyin tsohon zakara ba, daga baya na wanke hannuna yadda addini ya ce.

Maigidana mutum ne mai sanyin hali. Da ya ga abin da ake saukewa a ƙofar gida sai ya ce, "Kin tahi sadaka, kin komo muna da gado." Ya yarda su zauna a filin bayan gida inda nake shanya, da sharaɗin kare ba zai tsallaka zaure ba.

Mahaifina ya yi kiwon doki, kuma a wurinsa na ji cewa dokin da ya daɗe da yunwa ba a yi masa gaggawar hatsi, cikinsa ne zai kumbura ya kashe shi. Sai na fara mata da ruwa da 'yar kanwa, da harawa tafin hannu tafin hannu, da dusa jiƙaƙƙiya. Na yanke dabaibayin, ina wanke gyambon da ruwan gishiri mai ɗumi ina shafa man kaɗe. Likitan dabbobi ya zo ya yi mata allura, ya ba su maganin tsutsa ita da karen. Matsalata maƙwabta ce. Kowa yana neman lada, wannan ta zo da kwanon gero, waccan da dawa, ni kuma ina tare hanya ina mayar da su. Kafin mako ya zagayo sunana ya zama marowaciya a unguwa, wai na kawo dabba ina ƙarasa ta da yunwa. Na bar su da bakinsu.

Karen ne ya fara tashi. Da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya ɗauki aikin da ba wanda ya ba shi: gadin shanyata. Akuya ko kaza ba ta isa ta leƙo tabarmar shinkafa ba. In rana ta yi zafi ya koma ƙarƙashin cikin goɗiyar ya miƙe, ita kuma ba ta sa baki a harawa sai ta sunkuya ta shinshine shi. A hankali haƙarƙarinta ya rufe, gashinta ya fara sheƙi, gyambon ya kame. Wata safiya ina kwashe shinkafa daga tukunya na ji haniniya a bayana. Ludayin ya faɗi daga hannuna, na zauna a kan turmi na yi kukan daɗi.

Sai dai filin shanya ba wurin doki ba ne. Damina tana matsowa, ba makiyaya, kuma ni ba hawa zan yi ba. Na fara cigiyar inda za su zauna. Masu sha'awar goɗiya ba su da iyaka, amma da na ce da kare ake tafiya sai mutum ya tuna yana da uzuri. Ana nan sai wani dattijon Bafulatani, mazaunin gefen Bakura da ke sayen dusa a wurina, ya tsaya kallonta. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafar da ta warke, sannan ya tsuguna ya yi wa karen fito, karen ya zo yana kaɗa wutsiya.

"Hajiya, ina da hili, ina da ciyawa," in ji shi, "kuma garkena yana son kare. In za a ba ni, duka biyu nika so."

Na so in ce ya kwance su a take, amma ba nawa ba ne, amana ce.

Labarin warkewarta ya kai ƙauye. Babban taubashina ya zo a kan babur, ya zagaya ta yana jinjina kai, ya yi mini godiya irin wadda ban so ba. Da ya sake dawowa da wani dillali ya zo, cikin masu sayen dawaki da jakuna suna lodawa a tirela zuwa kudu, inda yanka su ake yi. Dillalin bai dubi fuskarta ba, cinyarta kawai yake matsawa.

"Doki ba ya rabuwa," in ji taubashina. "Sai a sai da, kowa ya amshi nashi."

Na ce su fita mini daga fili. Suka fita, amma na san gaskiyar shari'a tana gefensu. Ashe kiwata ta na yi wa mahauta? Kwanakin nan ko ciniki ban iya yi da kyau ba.

Da Inna ta fita takaba aka sa ranar rabo. Na je, ko da yake ba ni da ko allura a gadon. Maza suna zaure da malamin da zai raba, mu mata muna daga soro na ciki muna saurare. Aka lissafa gonaki da rumbu da tumaki, da 'yar garkar albasa da ke fadama, wadda kowa ya san ita za a ba Inna a matsayin tumuninta, rabon da mace mai 'ya'ya take samu a dukiyar mijinta. Da aka zo kan goɗiya babban ya ce an riga an sami mai saye.

Sai Inna ta miƙe, ta gyara lulluɓi, ta tsaya a bakin ƙofar zauren.

"Malam, a sa min goɗiyag ga cikin tumunina."

Malamin ya ce ya halatta, amma in ta ɗauke ta, garkar ta fita daga hannunta. Ta ce ta ji.

"Inna, mi za ki yi da doki?" in ji babban ɗanta. "Garkag ga ita ka ba ki na cehwane."

"Na zamna cikin ɗaki ina jin ta tana mutuwa bayan bangona," in ji ta. "Allah ya hana ni hita, ku kuma da kuka da ƙahwa kunka ƙi zuwa. To yanzu na hito."

Ƙattin nan duk suka sunkuyar da kai, ɗaya yana tonon tabarma da farce. Ban taɓa jin daɗin shirun maza kamar na ranar ba. Malamin ya tabbatar mata, aka shafa.

Na ba Inna labarin dattijon Bafulatanin nan, ta amince a ba shi riƙonsu. Ranar da za a kai su Bakura ta ce da ita za a je. Wannan karon ba wanda ya ciccibi kowa. Goɗiyar da ƙafarta ta hau motar, karen ya yi tsalle ya bi ta. An yi ruwan farko, ciyawa ta fara tsirowa a filin da ke gaban rugar. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, matansa suka fito aka yi doguwar gaisuwa, sannan ya tambayi Inna a kan wane sharaɗi take ba shi.

"Kar a ɗaure ta inda babu ci," in ji ta, "kuma kar a kori karen. Shi ke nan."

Da hannunta ta zare ragamar. Goɗiyar ta tsaya kamar ba ta yarda ba, ta shinshina ƙasa, ta yi taku kaɗan. Karen ya yi haushi ya zura a guje, sai ta ɗaga wutsiya ta bi shi da sukuwa, ƙasa jiƙaƙƙiya tana tashi a bayan kofatonta. Ni da shekaruna na kama hanci na rangaɗa guɗa har shanu suka ɗago kai.

Inna ta bi su da kallo har suka kai ƙarshen filin suka juyo. Hawaye yana bin fuskarta, tana dariya.

"Dube ta," in ji ta. "Haka taka gudu da kawunki in ya makara sallar Juma'a."