Karan Sigari Ɗaya Bayan La'asar

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Baba Iddirisu tela na unguwar Nima, kuma har yau ban san ko ni ce na makantar da shi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba. Rubutu ya fi mini sauƙi, domin takarda ba ta kallon mutum.

Ciwonsa hawan jinin ido ne. Ni na fara lura, ina 'yar shekara tara. Idan na tsaya a gabansa yana ganina, idan na tsaya a gefen damansa kuwa sai ya ci gaba da taka keken ɗinki kamar babu kowa. Buta ma ya sha yin tuntuɓe da ita, kullum ta dama.

A layin asibitin ido ya haɗu da Mista Wan, wani tsoho ɗan Caina mai gyaran keken ɗinki a unguwar Kokomlemle. Ciwonsu ɗaya, likitansu ɗaya, shawarar ma ɗaya: su riƙa ɗiga magani, su bar sigari, su riƙa motsa jiki. Sai suka raba shawarar kamar masu raba ƙullin tuwon dokunu. Mista Wan ya ɗauki motsa jiki, amma sigari bai bar bakinsa ba. Baba ya rantse a gaban Inna, mahaifiyata, cewa ya bar sigari, motsa jiki kuwa ya ce taka keke ya ishe shi.

Ran Lahadi Mista Wan yakan zo tsakar gidanmu, ya lanƙwasa gwiwa, ya riƙa tura iska da hannu a hankali.

"Wan, ƙuda kake kamawa?" in ji Baba.

"Kai zauna, ido tafi," in ji Mista Wan da guntuwar Hausarsa.

"Kai da kake hayaƙi kamar tsohuwar motar trotro?"

Su yi ta dariya. Amma da an yi la'asar, Inna tana can kasuwar Mamobi, sai Baba ya kira ni da sunan wasan da yake kirana. "Amarya, zo. Kara ɗaya. Kada kishiyar bakinki ta ji." Wato kada in faɗa wa kowa. In je in sayo sigarin, in dawo da shi a ɓoye cikin littafin lissafina. Shekara biyu ina yi. Littafin ya riƙa warin taba, ina zama a bayan aji don kada malama ta ji.

Idon ya yi ta rufewa daga gefe, har ya ce yana kallon duniya kamar ta kafar allura. Daga baya kafar ma ta toshe. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ya rasu yana gane takuna tun daga zaure.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Mista Wan ya fi shi sha nesa ba kusa ba, amma ya zo jana'iza da ƙafarsa, ya tsallake kwata ba tare da an riƙe shi ba. To sigarin ne? Zaman ne? Ko maganin da Baba yakan manta da shi a kan taga? Na tambayi malamar kimiyya, kamar game da wani nake tambaya. Ta ce duka ukun suna iya taimaka wa ciwon, kuma ba a raba su. Da ta ce mini ni ce, ko ba ni ba ce, da na fi samun barci.

Makon jiya na hau mota zuwa Kokomlemle don in tambayi Mista Wan. Na same shi a ƙofar shago yana tura iskarsa. Na tsaya a gefen damansa, ina jira ya gama. Ya gama, ya share zufa, ya zauna. Bai gan ni ba. Sai da na dawo gabansa ya ce, "Amarya na Iddirisu!"

Tambayar ta maƙale mini. Ya lalubi aljihu, ya fito da kwalin sigari, babu komai a ciki. Ya miƙo mini hannu yana murmushi. "Kara ɗaya."

Da Baba yana nan, na san zai tuntsire da dariya ya ce ashe kamun ƙudan ma bai hana idon tafiya ba.

Na ce, "A'a." Muryata ta fito sama da yadda na zata, har mai sayar da ayaba ta waigo. Na ce ya kawo maganinsa in ɗiga masa, sa'an nan mu taka zuwa bakin titi mu dawo.

Ya yi ta mita da yarensu, amma ya tashi. Har yanzu ban san wanne ne ya cinye idon kakana ba. Abin da ya bar mini shi ne na san gefen da ake tsayawa. Na kama hannun Mista Wan na dama, muka fita.